Yadda Ake Ɗanɗana Riesling Marar Zaƙi ta Noman Bayodainamik, da Gane Wadda Za Ta Jure Ajiya

Tambarin Demeter ko na Biodyvin (ƙungiyoyin da ke ba da shaidar noman bayodainamik, noman da ba ya amfani da takin zamani) da ke bayan kwalba labarin gona yake ba ka: abin da manomi ya zuba wa ƙasarsa da abin da ya hana ta. Ko giyar da ke ciki za ta kai shekara 15 tana ƙara kyau, ko kuwa za ta sare tun ba ta cika uku ba, wannan tambarin bai sani ba. Masu saye da yawa suna cakuɗa abubuwan biyu, har da wasu masu aiki a gidajen abinci. Ni ina girmama wannan noma ƙwarai, kuma yawancin kwalaben Riesling (farar giyar da ake yi da inabi mai wannan suna) da suka fi burge ni daga irin waɗannan gonaki suka fito. Amma hukuncin ajiya hanci da harshe ne suke yanke shi, kuma abu ne da ake koyo daki-daki.

Magana ɗaya kafin mu shiga. Musulunci ya haramta giya, shanta da cinikinta, kuma mafi yawan masu jin Hausa Musulmi ne. Wannan jagora ba gayyata ba ce gare su. Na rubuta ta ne domin masu jin Hausa da addininsu bai hana su ba, musamman waɗanda aikin otal ya haɗa su da waɗannan kwalabe a Abuja ko Akara ko biranen Jamus, da kuma duk mai son sanin yadda noma yake bayyana a cikin abin da aka girbe.

San inabin, san gonar

Riesling farin inabi ne na yankin kogin Rhine. Rubutu mafi daɗewa da aka fi kafa hujja da shi na ranar 13 ga Maris 1435 ne, a littafin lissafin gidan sarautar Katzenelnbogen a garin Rüsselsheim, inda aka rubuta kuɗin da aka kashe wajen sayen dashensa. Yau Jamus tana da kimanin hekta 24,000 nasa, babu ƙasar da ta kama ƙafarta, kuma yankunan Pfalz da Mosel da Rheinhessen ne a gaba. Ban da Jamus akwai Alsace a gabashin Faransa, da Wachau da Kamptal a Ostiriya, da kwarin Clare da na Eden a Ostireliya. Inabi ne mai jure sanyi, mai jinkirin nuna. Babban halinsa shi ne ko ya nuna sarai ba ya sakin tsaminsa, kuma duk maganar ajiya daga nan ta taso.

Shi kuwa noman bayodainamik, asalinsa laccoci takwas ne da Rudolf Steiner, masanin falsafa ɗan Ostiriya, ya gabatar wa manoma a watan Yunin 1924 a Koberwitz, garin da yanzu yake cikin ƙasar Foland. Sunan Demeter ya zama tambarin kayansu a 1928. Mai wannan noma ba ya taɓa takin zamani ko maganin kashe ciyawa. Yana kallon gona a matsayin jiki guda da ya kamata ya ciyar da kansa, da takin dabbobi, da ciyayi da dangin wake da ake shukawa tsakanin layukan inabi. Sai kuma haɗe-haɗen da aka san su da lamba. Mai lamba 500 kashin saniya ne da ake ɗurawa a ƙaho, a binne shi kafin hunturu, a tono bayan sanyi ya wuce. Ana ɗibar kimanin giram 100 domin hekta guda, a dama a ruwa sa'a ɗaya cur, ana juyawa dama har ruwan ya yi rami a tsakiya, sai a katse shi a juya hagu, sannan a yayyafa wa ƙasa da yamma. Mai lamba 501 garin farin dutse ne mai ƙyalli, shi ma a ƙaho, amma shi lokacin zafi yake yi a binne, kuma 'yan giram kaɗan ake fesa wa ganye da sassafe. Abin da har yau ba su iya rabuwa da shi ba shi ne farar wuta da tagulla, saboda fumfunar da ke cin ganye da 'ya'ya. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade tagulla a kilo 28 ga kowace hekta cikin shekara bakwai.

To, me yake isa kofi daga duk wannan? Jami'ar Geisenheim da ke yankin Rheingau na Jamus ta fara wani dogon gwaji a 2006, a kan Riesling ɗin kansa, inda aka raba gona ɗaya gida uku: noman da aka saba, noman da babu sinadarin masana'anta, da na bayodainamik. An ga cewa a kashi biyun ƙarshe kurangar ba ta yin tsiro barkatai kuma amfanin yana raguwa, amma bambancin ingancin ruwan inabin bai fito fili ba. Wannan sakamako ya yi daidai da abin da nake gani. Ban yarda cewa ƙaho yana da wani ɗanɗano ba. Abin da na yarda da shi shi ne manomin da ya hana kansa maganin gaggawa dole ya riƙa zagaya gonarsa kullum, ya rage wa kuranga kaya, ya tsinke da hannu. Kuma irin wannan mutum idan ya shiga ɗakin tsimi ba ya garaje. Yakan bar yis ɗin da ke jikin inabin ya yi aikinsa ko da zai ɗauki watanni, ya bar giyar ta kwanta a kan lakar yis, sau da yawa a tsofaffin gangunan katako, irin mai lita 1,200 da ake kira Stück a bakin Rhine ko mai lita 1,000 da ake kira Fuder a Mosel. Waɗannan kam ana jinsu a baki.

Mataki na farko: karanta kwalba tun tana rufe

Nemi kalmar trocken. A doka, giya tana ɗaukar wannan suna idan sukarin da ya rage a cikinta bai wuce giram 4 a lita ba, ko kuma ya kai har giram 9 muddin tsaminta bai gaza sukarin da fiye da giram 2 ba. Wato mai sukari giram 8 dole tsaminta ya kai aƙalla giram 6. Riesling ba ta wahala wajen cika wannan sharaɗi, domin tsaminta yakan kai giram 7 zuwa 9. Wanda ya taɓa dama kunun tsamiya ya san hikimar dokar: cokalin sukarin da zai zaƙaƙa kofin shayi, a cikin tsamiya ɓacewa yake yi, iyakarsa ya rage mata kaifi. Idan babu kalmar a jiki, duba ƙarfin barasa. Marar zaƙi yawanci tana tsakanin kashi 11.5 da 13.5 cikin ɗari. Kwalbar Mosel mai kashi 8 ko 9 sukarinta bai gama tsimuwa ba, mai zaƙi ce, ba ita muke magana a kai ba.

Sai matsayi. Ƙungiyar manyan gidajen inabi ta Jamus, VDP, wadda aka kafa a 1910, tana da hawa huɗu: Gutswein na gida gaba ɗaya, Ortswein na ƙauye guda, Erste Lage na zaɓaɓɓiyar gona, da Grosse Lage na gonakin da suka fi kowanne. Marar zaƙi da ta fito daga wannan hawa na ƙarshe ita ce Grosses Gewächs, za ka ga haruffan GG a jikin gilashin, kuma ba a sakinta kasuwa sai 1 ga Satumbar shekarar da ta biyo bayan girbi. A Alsace akwai gonaki 51 masu matsayin Grand Cru, wato mafi girma, kuma kalmar da za ka nema ita ce sec. A Wachau, Federspiel ita ce mai matsakaicin jiki, Smaragd kuwa, daga kashi 12.5 zuwa sama, ita ake nufi da ajiya.

Gidajen da suka daɗe a wannan noma sanannu ne. Nikolaihof a Mautern ya fara tun 1971. Zind-Humbrecht a Turckheim ya koma a ƙarshen shekarun 1990. Wittmann a Westhofen da Peter Jakob Kühn a Oestrich tun 2004, Dr. Bürklin-Wolf a Wachenheim tun 2005 (su ba sa rubuta GG, G.C. da P.C. za ka gani, sunayen da suka ba manyan gonakinsu). Akwai Rebholz da Christmann a Pfalz, da Clemens Busch a kan gangaren Marienburg a Pünderich. Ban da Demeter da Biodyvin, akwai tambari na uku, respekt-BIODYN, ƙungiyar da aka kafa a Ostiriya a 2007. Kwalbar da ta rubuta kalmomi masu daɗi game da wata da taurari amma babu ɗaya daga cikin tambarin nan, ka ɗauke ta talla ce har sai ka tabbatar.

Ƙarshe, shekarar girbi. 2003 da 2018 da 2022 shekarun zafi da fari ne a Jamus, 2010 da 2021 na sanyi da tsami mai kaifi, 2015 da 2019 kuwa an yabe su saboda sun haɗa nuna da tsami. A 2016 da 2021 damshi ya yi yawa, fumfuna ta matsa wa masu noma babu sinadari lamba, wasu suka yi asarar amfani mai yawa.

Mataki na biyu: shiri

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sanyi fiye da kima. Firji yakan sauke kwalba zuwa digiri 4 ko 5, kuma a wannan sanyi mai kyau da marar kyau duk ɗaya suke, tsami kawai ake ji. Sabuwar kwalba mai ƙaramin matsayi tana son digiri 8 zuwa 10, GG ko Smaragd ko tsohuwa kuwa 11 zuwa 13. A ɗaki mai zafi ka zuba kaɗan-kaɗan, ka mayar da kwalbar cikin ruwan sanyi, don cikin mintuna kofin yake ɗumama. Kofin ya zama na gilashi marar launi, mai ƙafa, wanda bakinsa ya ɗan tsuke, kuma kada ka wuce sulusinsa. A ranar ka haƙura da turare, na jiki da na wuta, kuma kada ka ci goro ko yaji ko ka goge baki dab da farawa. Ajiye abin tofarwa a gefe. Masu wannan sana'a tofarwa suke yi, domin wanda ya haɗiye kofi uku ba shi da sauran hukunci a kan na huɗu.

Idan da hali ka buɗe biyu tare, ƙarama da babba ta gida ɗaya da shekara ɗaya, wani ya zuba maka ba tare da ka ga wace ce wace ba. Babu malamin da ya kai wannan.

Za ka ji ana maganar kalandar Maria Thun, Bajamushiya mai binciken noman bayodainamik, wadda ta raba ranaku bisa tafiyar wata zuwa na saiwa, na ganye, na fure da na 'ya'ya, har wasu suna cewa giya ta fi daɗi a ranar 'ya'ya. An gwada wannan a Niyu Zilan, aka wallafa sakamakon a 2017: ƙwararrun da ba a gaya musu wace rana ce ba ba su ji bambancin da ya bi kalandar ba. Ka ɗanɗana ranar da hancinka yake lafiya.

Mataki na uku: ido, sannan hanci

Ido ba ya ɗaukar lokaci. Karkata kofin a kan farar takarda. Sabuwa fara ce mai ɗan kore-kore, da shekaru sai ta koma ruwan zinare. Mai shekara biyu da ta riga ta yi duhu kamar shayi, iska ko zafi sun taɓa ta. 'Yan ƙananan kumfa a jikin kofi ba laifi ba ne, haka ma ƙwayoyi masu kama da sukari a gindin kwalba, gishirin tsamin inabi ne da sanyi ya fitar.

Hanci ne wurin zama. Shaƙa tukuna ba tare da ka kaɗa kofin ba, sannan ka kaɗa ka sake. A sabuwar kwalbar irin waɗannan gidaje, abin da zai fara tarbarka sau da yawa ba 'ya'yan itace ba ne. Wani wari ne kamar na ashanar da aka ƙyasta, ko na ƙullun da ya kwana, wani lokaci har da ɗan ɗoyin ƙwai. Jamusawa suna ce masa Sponti, kuma daga tsimin yis na daji da doguwar kwanciya a kan laka yake zuwa. Kada ka yanke hukunci. Kaɗa kofin sosai, ko ka juye kwalbar a wani tulun gilashi, ka ba ta minti 20 zuwa 30. Idan warin ya tashi ya bar ƙanshi mai tsabta a ƙarƙashinsa, alama ce mai kyau, domin giyar da ke ƙishirwar iska haka tana da sauran tafiya. Idan ya zauna daram, yana komawa na albasa ko na roba, aibi ne.

Ƙanshin 'ya'yan itace kamar tsani yake, kuma matakin da ya tsaya yana gaya maka yadda inabin ya nuna. Ƙasa akwai lemun tsami da koren tuffa, tsakiya akwai nunanniyar tuffa da gwaiba da furen lemu, sama akwai mangwaro da abarba. Mosel da shekarun sanyi sukan tsaya ƙasa, Pfalz da Alsace da shekarun zafi sukan hau. Wadda nake nema domin ajiya ita ce mai taka matakai biyu a lokaci guda, nunanniya amma da ɓawon lemun tsami a gefenta. Bayan 'ya'yan kuma akwai wani abu da ba na itace ba, kamar dutsen da ruwan farko ya jiƙa, ko hayaƙi siriri. A nan gonaki suke rabuwa. Dutse mai faifai-faifai na Marienburg yana ba da siririya mai kaifi, baƙin dutsen aman wuta na Pechstein a Forst yana ba da duhu da hayaƙi, dutsen alli na Morstein a Westhofen yana ba da mai sanyin hali da ba ta saurin buɗe baki, Rangen na garin Thann a Alsace kuwa hayaƙinta har wanda bai ƙware ba yana jinsa. Masana ba su yarda cewa dutsen ne da kansa yake shiga kofi ba. Yadda ƙasar take riƙe ruwa da zafi ne yake sauya nunar inabin. Amma bambancin yana nan, kuma yana maimaituwa shekara bayan shekara.

Sai kananzir. Duk wanda ya taso da fitilar ƙwai ko risho zai gane shi nan take, kuma Riesling ta fi kowace farar giya suna da shi. Wani sinadari ne da ake kira TDN, wanda ke fitowa daga launin da ke ɓawon inabi, kuma hanci yana iya kama shi tun yana kusan maikurogiram 2 a lita. Rana mai dukan 'ya'yan kai tsaye, da fari, da ajiya a wuri mai zafi, duk suna ƙara shi. Toshiyar ɓawon itace tana tsotse wani ɓangarensa, murfin murɗawa kuwa ba ya tsotsewa sosai, shi ya sa kwalaben Ostireliya sukan fi nuna shi. Ga yadda za ka yi amfani da shi: a kwalba mai shekara takwas ko goma, ɗan kananzir a tsakanin zuma da kakin zuma da gasasshen burodi da busasshen ɓawon lemu ado ne. A kwalba mai shekara biyu, idan shi ne yake jan ragama, ba zai ragu ba, ƙaruwa zai yi har ya binne sauran. Wannan ba ta ajiya ba ce.

Aibu uku ne ba a gyara su. Warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da ya daɗe a rufe yana nuna toshiya ce ta ɓata ta. Warin tuffar da aka yanka ta yi ja yana nuna iska ta shiga. Na ukun ya fi wuyar kamawa: ƙanshin ya dushe, an bar wani abu kamar ƙwallon kafur na akwati ko jiƙaƙƙen tsumma, tun giyar ba ta shekara biyu ba. Tsufa ne na ba-zata, kuma ana danganta shi da kurangar da ta sha ƙishirwa da yunwa. Gonar bayodainamik ba ta tsira daga wannan ba, musamman idan ciyayin tsakanin layuka sun yi gasar ruwa da inabin a shekarar fari.

Mataki na huɗu: baki

Kurɓi kamar cokali guda, ka zagaya da ita ko'ina a bakin, ka ɗan ja iska ta tsakanin leɓɓa, sannan ka tofar. Yanzu sunkuyar da kai, ka ɗan buɗe baki, ka lura da yawu. Yadda yake tsinkewa, da tsawon lokacin da ya ɗauka yana zuba, shi ne ma'aunin tsami. Amma yawa kaɗai ba ya wadatarwa, sai ka duba irinsa. Tsamin inabin da ya nuna yana bin gefen harshe ya bazu, yana sa ka son ƙari. Tsamin ɗanye kuwa haƙora yake kamawa, ya tsaya shi kaɗai. Mutane da yawa suna cewa a ajiye irin wannan zai yi laushi. Tsami ba ya tafiya ko'ina a cikin kwalba. 'Ya'yan itacen ne suke tafiya su bar shi tsirara.

Saboda haka kurɓi na biyu na neman nama ne. Tsakanin shigarta baki da fitarta, akwai abu a tsakiyar harshe, ko rami ne? Wannan cika ba zaƙi ba ce, ba kuma ƙarfin barasa ba ce. Kauri ne da ƙarancin amfani da tsofaffin kuranga da lakar yis suke bayarwa, kuma a nan ne gidajen da na ambata suka fi yin fice. Sau da yawa za ka ji ɗan kamu a dasashi, kamar na ɓawon tuffa, saboda wasu suna barin ruwan ya jiƙa da ɓawon na wasu sa'o'i kafin matsa. Kaɗan daga cikinsa ginshiƙi ne. Idan ya koma ɗaci, ga kuma zafin barasa a maƙogwaro, inabin ya sha rana fiye da kima, abin da ya kamata ka sa wa ido a kwalaben 2018 da 2022.

Kurɓi na uku na ƙirga ne. Da ka tofar, fara ƙirga daƙiƙa har ɗanɗanon, ba tsamin kaɗai ba, ya ɓace. A ma'aunina, ƙasa da 10 ta sha yanzu ce, 20 zuwa 30 mai kyau ce, wadda ta haura 40 kuma tana sauya kama tana tafiya, daga lemu zuwa ganye zuwa wani gishiri-gishiri, ita ce ake ɓoyewa. A cikin alamomin nan duka, wannan na fi amincewa da shi. Ƙanshi yana iya ruɗar mutum, amma ban san wata dabarar ɗakin tsimi da ke ƙirƙirar dogon ƙarshe ba.

Mataki na biyar: gwajin kwana uku

Kada ka ƙarar da kwalbar. Bar rabi, ka toshe, ka sa a firji, ka rubuta abin da ka ji. Washegari ka zuba kaɗan, ka jira ya ɗan huce daga sanyi, ka sake bin matakan nan. Haka jibi. Iskar da ke saman ruwan tana yin wani ɓangare na aikin da shekaru za su yi, ko da yake ba daidai-wa-daida ba. Ƙaramar giya ranar farko ce ranarta, washegari ta yi lami. Babbar GG ta irin waɗannan gidaje kuwa sau da yawa ranar farko a ƙulle take, rana ta biyu ta buɗe, ta uku ta fi kowace. Wadda ta kai kwana uku tana tsaye, ba ta koma warin jan tuffa ba, za ka iya sayen 'yan'uwanta da kwanciyar hankali.

Wannan gwaji ya fi muhimmanci ga gidajen da ke rage farar wutar da ake zuba wa giya sosai. Dokar Turai ta yarda da miligiram 200 a lita ga farar giya marar zaƙi, ta rage zuwa 150 ga ta noman da babu sinadari idan sukarinta bai kai giram 2 ba, wasu kuma suna sauka ƙasa da haka da nisa, har akwai waɗanda ba sa zubawa sam. Farar wuta ita ce garkuwar giya daga iska. Wadda ba ta da ita tana iya yin daɗi matuƙa tana sabuwa, amma ba ta jure doguwar tafiya a jirgin ruwa da zaman tashar da rana ke duka. Ba na ajiye irinta sai ta ci wannan gwaji.

Shekara nawa?

Abin da zan faɗa kimantawa ce, kuma ta dogara da ajiya mai kyau. Gutswein shekara biyu zuwa biyar, Ortswein da Erste Lage biyar zuwa goma, GG da Grand Cru da Smaragd na gidan kirki goma zuwa ashirin. Masu zaƙi sun fi waɗannan daɗewa, domin sukari ma garkuwa ne, don haka kada ka ɗora labarin tsohuwar kwalba mai zaƙi a kan marar zaƙi. Nikolaihof ya nuna inda abin zai iya kaiwa: Riesling ɗinsu ta 1995 mai suna Vinothek ta yi shekara 17 a cikin babbar gangar katako kafin a ɗura ta a kwalba.

Akwai wani lokaci da ya kamata ka sani. Manya da yawa suna da daɗi a shekararsu ta farko, sai su rufe tsakanin shekara ta biyu da ta huɗu ko ta biyar. Ƙanshin ƙuruciya ya tafi, na girma bai iso ba. Wanda ya buɗe a wannan tsakani zai zaci an cuce shi. Ka duba ƙarshen: idan har yanzu dogo ne kuma tsakiyar a cike take, barci take yi, ka bar sauran.

Mataki na ƙarshe: ajiya da buɗewa

Giyar ajiya tana son digiri 10 zuwa 14, ba hawa da sauka, ga duhu, ga ɗan damshi. Mai toshiyar ɓawon itace a kwance, mai murfin murɗawa ko a tsaye. A ƙiyasin masana sinadarai, duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin tsufa, kuma tsufan zafi ba irin na sanyi ba ne, kananzir da jan tuffa yake kawowa, ba zuma ba. A ƙasashenmu, inda ɗaki yake haura digiri 30 watanni da yawa kuma wuta take ɗaukewa, maganar gaskiya ita ce wanda ba shi da firjin giya mai tsayayyar wuta kada ya sayi ta ajiya. Ya sayi ƙarama, ya buɗe ta cikin watanni. A shago ma ka duba: toshiyar da ta ɗago, ko danƙo a wuyan kwalba, ko ruwan da ya sauka ƙasa da inda ya kamata, duk shaidar zafi ne.

Idan kana da wurin, sayi aƙalla uku iri ɗaya, shida ya fi. Buɗe ɗaya yanzu ka yi mata gwajin kwana uku, ka adana takardar tare da sauran. Ta biyu bayan shekara biyar. Tsohuwar toshiya tana rugurgujewa, don haka ka murɗa abin buɗewa har ƙasa, ka ja a hankali. Kada ka juye tsohuwa a tulu kai tsaye. Zuba kaɗan a kofi, ka bi ta na rabin sa'a. Idan tana ƙara buɗewa, launin zinare ne mai haske, kuma ƙirgenka bai gaza na takardar farko ba, ƙara wa sauran shekara uku. Idan kuwa ta fi daɗi a minti biyar na farko sannan ta fara dushewa, ko ƙirgen ya ragu da rabi, ka buɗe sauran cikin wannan shekarar.